Komin da Na Zaɓa

Komi biyu aka ajiye a gabana, na zaɓi na ƙarfe. Zinariyar ta bi ta cikinsa ta wuce. Matata ta mutu kunnenta babu komai.

Komi muke kiran abin a garinmu. Ba irin na shayar da dabbobi ba ne. Dogo ne, buɗe gaba da baya. Ana kafa shi a bakin rafi, kai sama, ƙafa ƙasa, a riƙa zuba yashi ruwa yana bi ta kai. Yashi ya tafi, abu mai nauyi ya maƙale. Da wannan sana'a ubana ya ciyar da mu. Ni ma tun ina ƙarami nake tsaye a ruwa har ƙafata ta tsattsage. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Yashi na sani.

Ta ƙasa muka baro gida, ni da matata. Muka ratsa Chadi, muka ratsa Sudan. A bakin teku guzuri ya ƙare. Mai jirgin ruwa ya dube mu ya kau da kai. Sai ta sa hannu ta cire 'yan kunnenta ta miƙo mini. Na uwarta ne, irin na dā, masu nauyi, har sun ɗan ja mata fatar kunne. Ban roƙe ta ba. Ban kuma hana ta ba.

A cikin jirgin ta zare tsinke daga wata tsintsiya, ta karya biyu, ta soka a hujin kunnenta don kada ya toshe.

Na ce, "In mun sauka zan mayar miki."

Ta ce, "To."

Muka zauna a Madina, a unguwar Sih, ɗaki ɗaya da ɗan wurin girki. Na samu gadin wani bene a unguwar Aziziyya. Harisi suke cewa. In wanke motoci, in hau da tukunyar gas, in sauko da shara. Ita kuma tana rege shinkafa a gidan wata mata mai dafa abincin biki. Buhu-buhu take regewa da ƙwarya. An ce tun da ta fara ba a taɓa tauna tsakuwa a abincin gidan ba. Allah bai ba mu haihuwa ba. Mu biyu ne.

Kowace Juma'a bayan ta yi wanka takan cire tsohon tsinken, ta shafa ɗan mai, ta sa sabo. Matan Chadi da muke maƙwabtaka suna ce mata Hajiya mai tsintsiya. Takan yi dariya ta ce in tasu ta ƙare su zo ta ara musu. Ta gwada na tagulla sau ɗaya, kunnen ya kumbura ya yi ruwa. Jikinta ba ya karɓar komai sai zinariya.

Kuma garin cike yake da ita. Hanyar Harami shago ne bayan shago, gilashi da fitilu, alhazai suna ciniki. Da ita muke wucewa. Ba ta taɓa juya kai ba. Da ta juya ma da ya fi mini sauƙi.

Ina da gwangwanin madara da nake jefa abin da ya rage. Yakan kusa cika, sai wani abu ya taso. Takardar zama, ciwo, ko saƙo daga gida cewa rufi ya faɗi. A shekara ta bakwai ya kai na 'yan kunne. Na je na duba. Mai shagon ya fito mini da wasu ƙanana kamar ƙwayar adas, ɗan mitsitsin waken nan na Larabawa. Na riƙe su a tafin hannu. Na tuna na uwarta. Na mayar masa na fita.

A hawa na uku na benen akwai wani mai haɗa magani, mutumin Zariya. Kowa Dakta yake ce masa. Mutumin kirki ne, mai yawan dariya. Iyalinsa suna gida, shi kaɗai yake zaune. Duk Alhamis yakan ɗauki jif ɗinsa ya shiga daji. Wata Asabar ina wanke motar na buɗe baya, na tarar da yashi da wata koriyar tasa ta roba. Ya sauko ya same ni riƙe da ita.

Na ce, "Dakta, wa ke wanki da wannan?"

"Ka san ko mece ce?"

"Tasar wanki ce. Amma mai ita bai iya ba. Ga baƙin yashi ya bari ya bushe a baki."

Ya yi dariya har ya dafa mota. "Ni ne wanda bai iya ɗin ba, malam. Wasa nake yi. In ban fita na ga duwatsu ba, ƙwayoyin nan za su haukata ni. Kai ina ka san ta?"

"A ciki aka haife ni."

Alhamis ta gaba na roƙi harisin benen kusa ya duba mini ƙofa, na bi shi.

Tafiyar awa biyu ce, rabi a kwalta, rabi a tsakuwa. Baƙaƙen duwatsu, ƙaya, raƙuma can nesa. A jikin tsaunukan akwai ramukan mutanen dā da duwatsun niƙansu, sun lotsa a tsakiya. Da na ga duwatsun niƙan na san zinariya suka nema a nan. Ba a niƙa dutse don wasa.

Wadin, wato kwarin da ruwa ke bi, a bushe yake ƙayau. Dakta yana ta ɗiban yashi daga tsakiya, inda ya fi laushi. Na ƙyale shi. Na bi kwarin da ƙafa har na sami inda wani falalen dutse ya gitta daga wannan gaɓa zuwa waccan. Duk ruwan da ya zo sai ya tsallake shi, ya yi juyi a bayansa, ya ajiye kayansa. Nan na haƙa. Kamu uku na tarar da baƙin yashi kwance a kan dutse, kaurinsa bai fi tafin hannu ba.

Jarka biyu ta ruwa muka zo da ita. Na wanke tasa ta farko, ban ga komai ba. Ta biyu ma haka. Ruwan ya riga ya zama kunu, don maimaita shi nake yi. A ta uku, da na karkata tasar, sai ga ta. Ƙwaya ɗaya, kamar gero. Na sa a haƙori, ta lotsa.

Dakta ya yi kabbara. Ya ɗauke ta hoto a tafin hannuna, ya ɗauke ni, ya ɗauki ramin. Ya ba ni kwalbar magani na sa ta a ciki.

A hanyar dawowa ya ce, "Komi muke buƙata. Ina da mujalla, akwai hotunansu kala-kala. Zan sa a ƙera mana, in ruwa ya zo mu kafa."

Na ce, "Ni zan biya."

"Haba malam. Da me?"

"A garinmu mai komi shi ke da wankin farko."

"To ka ɗauke na farko da na ƙarshe. Ni hoto nake so."

Na ce a'a. Ba na son kyauta. So nake in na kai mata in ce nawa ne, daga komina ya fito.

A bayan Aziziyya akwai warsha, wato maƙerar wani tsoho, Bahaushen Sudan. Kakanninsa a hanyar hajji suka tsaya a can. Yana aikin ƙarfe, yana taɓa na katako. An ce da ƙuruciya ya yi wankin zinariya a kan iyakar Habasha. Baba nake ce masa. Na je na nuna masa kwalbar. Ya ɗaga ta ga haske, ya girgiza, ya miƙo mini.

Ya shiga ciki ya jawo wani tsohon ƙyauren katako, dogo, ya kwantar a ƙasa, ya shimfiɗa masa guntun kafet irin mai tsagi-tsagi da ake cirewa daga otal. Ya koma ya jawo wani ƙarfe mai kama da indararo, gajere, mai zurfi, ya ajiye kusa da shi.

Ya ce, da kiran da suke yi wa mutum a Sudan, "Ga su nan, ya zol. Wannan in kafa masa gefe, faɗinsa kamu uku, tsawonsa ya fi mutum. Ba haƙora, kafet kawai. A kwance ake kafa shi, ruwa yana tafiya a kai kamar mai. Wancan kuma in yi masa haƙoran ƙarfe a gicciye, a tsaye ake kafa shi, ruwa yana gudu. Wanne?"

"Na ƙarfen. Haƙora yatsa uku."

"Ka yi sauri. Ƙwaya nawa ka gani?"

"Ɗaya."

"A tasa nawa?"

"Uku."

"Sauran biyun fa?"

"Babu komai."

"Babu komai, ko ba ka gani ba?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, ni ba yau na fara riƙe tasa ba."

"Na sani. Hannunka ya nuna. Amma ka ga duwatsun niƙa a can, ko?"

"Na gani."

"Wanda yake tsintar ta kamar gero ba ya niƙa dutse. Ta ƙasar nan gari ce, ɗana. Ƙura ce. Ƙwayar nan taka baƙuwa ce, ɓata ta yi. In ka sakar wa gari ruwa mai gudu, haƙora ba sa riƙe shi. Tashi yake yi ya bi kumfa."

Na ce, "Ruwan nan kwana nawa yake yi in ya zo?"

"Biyu. In Allah ya so, uku."

"To na kafet ɗinka da kofi ake ba shi, sai an tankaɗe. Na ƙarfe da shebur yake ci. Kwana biyu gare ni, ba damina ba. Ubana da irin wannan ya yi aiki shekara talatin."

"Ubanka a wane rafi?"

Na dafa na ƙarfen.

Ya ce, "Halas, shi ke nan. Kuɗinka ne. Amma kafet ɗin nan ba zan yar ba. Za ka dawo."

Na ce masa ya ba ni zuwa gobe. Ba don ina shakka ba. Don gwangwanin ne.

Na same ta a tsakar gida tana rege shinkafar da ta kawo daga wurin aiki. Tana juya ƙwaryar a hankali, shinkafa tana zamewa cikin roba, tsakuwa tana zama a gindi. Na tsuguna na ba ta labarin komi biyun. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Ni dai in na saki ruwa da ƙarfi, ƙananan tsakuwa bin shinkafa suke yi. Manyan ne kawai ke zama."

"Shinkafa daban, zinariya daban."

"To. Kai ka sani."

Na ce, "Abin gwangwanin zan ɗauka."

Nan ta tsayar da ƙwaryar. "Na ji ka ce ya kai."

"Na ƙanana ya kai. Kamar adas. Ni irin na Inna zan sa a ƙera miki."

"Malam, ƙananan ma sun ishe ni. Hujin nake so ya ga wani abu ban da tsintsiya."

"Sanyi ɗaya za ki jira."

Ta dube ni. Ta ci gaba da regenta. Washegari na kai wa Baba kuɗin. A mako ɗaya ya gama. Ƙarfe baƙi, haƙora goma sha biyu, da hannu biyu na ɗauka. Ya yi kyau ƙwarai. Na ajiye shi a ƙarƙashin matakalar bene na rufe da buhu.

A ƙasar nan da sanyi ake samun ruwa. Sanyin shekarar ruwa bai zo ba. An yi yayyafi sau biyu, ko ƙura bai kwantar ba. Na zama mai kallon sama. In na ga gajimare ta wajen tsaunuka sai in bar wankin mota in tsaya. Masu benen suka fara tambaya ko lafiya. Duk wata nakan jawo komin in goge tsatsa in shafa masa baƙin mai. Ita kuma duk Juma'a sabon tsinke. Ba ta taɓa tambayata ina aka kwana ba.

A sanyi na biyu ya zo. Ranar Talata sama ta yi baƙi, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tituna suka cika. Laraba aka ce sail ya sauko a kwaruruka, wato ambaliyar da ke zuwa da itace da matattun awaki. Ba a shiga wadi ranar. Alhamis bayan asuba muka ɗora komin a jif.

Mun tarar da ruwan ya ragu, ya kai gwiwa, ja kamar shayi da madara, yana gudu. Ban taɓa jin ƙanshi irin na wannan safiya ba. Na cire takalmi na shiga. Sanyi ya kama ni har ƙashi. Na ji kamar ina gida.

Na kafa komin a gefen falalen dutsen, na ɗaga kansa da duwatsu, na karkato ruwa da buhunan yashi. Ƙafarsa tana zubarwa cikin rafin. Ruwa ya shiga yana ƙara a kan haƙora. Dakta ya naɗe wando ya karɓi shebur, ya yi goma ya ce bayansa. Ya koma kan dutse yana dafa shayi yana yi mini kirari.

"Sarkin ruwa! A bar mana ko na haƙori ɗaya!"

Ni ina haƙa, ina zubawa. Komin yana ci kamar yadda na ce. Duk abin da na ba shi ya haɗiye ya fitar. Na ji daɗinsa. Na ce a raina da na kafet ne da yanzu ban gama buhu ɗaya ba.

Muka koma gari da magariba, muka dawo Juma'a da sassafe. Ruwan ya koma idon sawu. Azahar muka yi a can, Dakta ya ce matafiya ne mu. Kafin la'asar na kwashe baƙin yashin nan kaf, har shebur yana kankarar dutse. Ban bar ko cikin hannu ba. Ruwan kuma ya zama zare.

Na tare bakin komin. Na ɗaga shi a hankali na wanke abin da ke bayan haƙora cikin roba. Dakta ya matso da kyamara. Na ɗiba a tasa na fara juyawa.

Baƙin yashi. Tsohuwar ƙusa. Dalmar harsashi guda biyu. Wani guntun tagulla. Na sake ɗiba. Na sake. A tasa ta ƙarshe na ga ɗigo huɗu, sai ka kanne ido kafin ka gan su.

Dakta ya sauke kyamarar. Ya ce, "To, ai mun sha iska. Wurin ne babu, malam. Ƙwayar nan ita kaɗai ce."

Na yarda da shi. Ya fi sauƙi. A mota yana ba ni labarin wani abokinsa da ke kamun kifi a Yanbu, bakin teku. Ban ji rabin abin da ya ce ba.

Da na shiga ta dubi hannuna, ta dubi fuskata. Ta ce, "Ga ruwan zafi can." Na tuɓe wandon aikin na jefa a lungu. Ya yi nauyi da laka, musamman naɗin ƙafar, don kwana biyu ina tsaye a daidai inda komin ke zubarwa.

Asabar da hantsi na dawo ɗaukar wani abu. Na same ta a tsugune, wandon yana kan igiya, ruwan wankin yana cikin roba. Ba ta zubar ba. Ta sa ƙwaryarta tana rege lakar da ta kwanta a gindi.

Na ce, "Me kike yi?"

"Zo ka gani."

Ta tsiyaye ruwan a hankali, a hankali, kamar tana tsoron ta tashe shi. Ta ƙara mai tsabta. Ta juya. Ta karkata ƙwaryar ga rana. A gefen baƙin yashin akwai wani siririn layi rawaya, kamar an ja da allura. Na sa yatsa na murza. Bai tashi ba, bai farfashe ba. Ita ce. Gari, kamar yadda tsohon ya ce.

Abin da ke cikin ƙwaryar nan ya fi abin da komina ya kama a kwana biyu. Daga naɗin wando kawai.

Na zauna a ƙasa. Na tuna yawan shebur ɗin da na zuba. Duk na ɗebo ta daga inda ta kwanta tun zamanin masu duwatsun niƙa, na watsa ta cikin ruwa mai gudu da hannuna. Ta bazu a kwarin, tafiyar yini, ƙura a cikin yashi. Babu mai sake tara ta.

Ta ce, "Wannan zai yi ɗan kunne?"

Ba gatse take yi ba. Tambaya take yi.

Na ce, "Ba zai yi ba."

Ta juye mini shi a kwalbar, ta ɗauraye ƙwaryarta ta kife.

Na koma wurin Baba. Yana ganina ya tashi ya jawo ƙyauren da kafet ɗin. Bai ce na gaya maka ba. Ya ce, "Ka kawo na ƙarfen in karɓa a madadi." Ya kafa masa gefe, ya buga kafet ɗin, ya haɗa mini da rariya. Ya ce in nemi wani falalen, kwarin yana da tsawo.

Amma Dakta ya sayi sandar kamun kifi. Alhamis ɗinsa ta koma Yanbu. Bayan shekara aikinsa ya ƙare ya koma gida. Ya bar mini koriyar tasar da hotona riƙe da ƙwaya. Ba ni da mota. Ba kowa ake gaya wa irin wannan tafiya ba, don ba abu ne da hukuma ke so ba. Sanyi uku suka wuce. Sau ɗaya sail ya sauko, na yi yini ina neman mai ɗaukata, kafin in samu ruwan ya ƙafe.

A lokacin ne ta fara rama. Ƙishirwa ba dare ba rana. Aka ce ciwon suga ne. Ta yanke a yatsan ƙafa, ɗan yanka kaɗan, ya yi wata huɗu bai warke ba. Ta bar zuwa regen shinkafa.

Wata Juma'a na dawo daga masallaci ta kawo mini abinci. Da ta sunkuya na ga kunnenta. Babu tsinke.

Na ce, "Ina tsinken?"

"Na cire."

"Yaushe?"

"Tun kafin azumi."

Wata biyar ke nan. Ina kwana ɗaki ɗaya da ita ban gani ba. Sama nake kallo.

Na ce, "Don me?"

"Yana yi mini ƙaiƙayi. Kuma na gaji, Malam. Ci abincinka."

Gwangwanin ya ɗan taru. Na sayar da rediyona da agogon da wani mai bene ya ba ni. Na koma shagon nan na hanyar Harami. Na sayi ƙananan, masu kamar adas, irin waɗanda na raina. Na kawo mata a ɗan jan akwati.

Ta buɗe. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Kai, sun yi kyau." Ta ɗauki ɗaya ta kai kunne, ta lalubi wurin, ta danna. Bai shiga ba. Ta gwada ɗayan kunnen. Na karɓa na gwada da kaina. Wurin ya shafe, sai ɗan tabo kamar cizon sauro.

Na ce, "Gobe a sake hudawa. Matar nan ta Chadi ta iya."

"Ka ga ƙafata? Likita ya ce ko farce kada in yanke da kaina."

"Huji ne ƙarami."

"Na ƙafar ma ƙarami ne."

Ta mayar da su akwatin ta sa a ƙarƙashin matashi. Wani lokaci in na shigo nakan same ta ta fito da su tana juyawa a tafin hannu. In ta gan ni sai ta rufe. Ba ta taɓa ce mini da ka saya tun wancan lokaci ba. Na yi ta jira ta faɗa. Ba ta faɗa ba.

Ciwon ƙafar ya hau. Aka yanke yatsan, aka yanke sawun. Ta rasu bayan sallar layya ta gaba da kwana tara. Aka yi mata salla a Harami, aka kai ta maƙabartar Baƙi'a. Mutane suna ce mini ta dace, ba kowa ke samun wannan ƙasa ba. Gaskiya ne. Na ce amin.

Matar da ta yi mata wanka ta kawo mini jan akwatin. Ta ce ta gan shi a ƙullin zanen marigayiyar. Na ce ta ba 'yarta. Ta ƙi. Na sa su a kwalbar maganin tare da ƙwayar geron da garin wandon.

Ban iya zaman Sih ba bayan nan. Duk tsintsiyar da na gani sai in tsaya. Na bar benen. Baba ya haɗa ni da wani mai filin tsofaffin ƙarafa da ke neman mai gadi.

Komin kafet ɗin bai taɓa ruwa ba. Ban san ko zai kama ba. Na san dai tsawonsa daidai da ni ne, har da saura. Na ɗora shi a kan bulo huɗu.

Yanzu ina Yanbu, a bayan matatar mai, cikin ɗakin kwano. Ina gadin ƙarafa. A kan komin nake kwana, kwalbar tana ƙarƙashin kaina.